Ranar da Thaja Ta Fito Ba Kwalliya

A ƙauyukan da ke kewaye da Imphal, da wuya ka sami macen da ta manyanta wadda ba ta taɓa yi wa Thaja kuka ba. Sun yi mata kuka da ta fito a amaryar da mijinta ya tafi soja bai dawo ba, sun yi mata kuka da ta fito a bazawara mai saƙa, sun yi mata kuka duk sanda ta mutu, kuma ta mutu ba adadi. Wasan tsakar gida, wanda masu shi ke kira shumang lila, maza ne zalla a ƙungiyarsu: su ne mazan, su ne matan. A share fili, a ajiye kujera biyu da teburi, a rataye makirfo daga sama, jama'a su zagaye ta ko'ina, mata gefe maza gefe, a bar siririyar hanya guda ta shigowa. Babu labule, babu bango, babu inda ɗan wasa zai juya ya share gumi ba a gan shi ba.

In an tashi, matan nan har bayan motar ƙungiya suke bin Thaja suna taɓa zanenta. "Iche, wa ya saƙa miki wannan? Iche, koya mini ɗaurin nan mana." Iche, wato yaya mace, da bakinsu suke faɗa. Washegari in ta shiga kasuwa da riga da wando za ta sayi kifi, 'ya'yan matan nan ne za su bi ta suna karairaya suna kiran ɗan daudu, uwayen kuma su duƙar da kai kan kayan tallarsu kamar ba su taɓa ganinta ba. Ni dai wannan munafuncin ban taɓa iya haɗiye shi ba. Ita kuwa ta haɗiye shi shekara da shekaru.

A Kakching aka haife ta, aka ce namiji ne, aka raɗa mata Loken. 'Yan ƙungiya "ita" suke cewa, ni ma haka zan ce, wanda abin ya tsaya wa a maƙogwaro ya kora da ruwa. Ubanta mai gyaran keke ne, kuma tsohuwar robar taya ta fi amfani a bayan Loken fiye da a jikin keke, don an sha kama ta da mayafin uwarta a gaban madubi. Tana da shekara goma sha shida Oja Mangol, malami kuma shugaban ƙungiya, ya hango ta a wani biki tana bin layin 'yan mata daga can baya, tana taka rawar da ta fi tasu. Ya ɗauke ta, ya sa mata suna Thaja. Uban ya mutu bai taɓa zuwa kallo ba. Uwar, mai sayar da ngari, busasshen kifin nan mai wari da ba a miya sai da shi, ta zo, ta gani, ta samo wa kanta hanyar yin alfahari. "Sana'a ce," take ce wa maƙwabtanta na kasuwa. "Ɗana Loken gwani ne wajen kwaikwayon mata." A kan wannan magana ta kafe, kuma babu wanda ya taɓa ture ta daga kai.

Sai Nimai, mai ganga. Shi ne ke zama a bakin hanyar shigowa, a ƙasa, gangarsa a kan cinya. Abin da ke tsakaninsa da Thaja kowa a ƙungiya ya sani, babu mai faɗa. Ya so ta, ta so shi, tun suna da ƙuruciya. Da danginsa suka matsa masa ya yi aure, ya yi, kuma Thaja ce ta yi wa amaryar kwalliya, don babu kamarta a wannan aikin. Ta zana mata gira tsaf, ta koma ɗakinta na haya ta kwanta kwana da kwanaki. Bayan nan abin bai mutu ba, ya dai koma ƙarami. Shi ke riƙe mata wuri kusa da taga a mota, ita ke naɗa masa kwa, ganyen nan da ake taunawa ya rina baki ja, da ƙarancin farar ƙasa yadda yake so. Tamo take kiransa, kiran da mace ke yi wa yayanta, kuma take yi wa mijinta.

Mai ganga a wannan wasa ba kiɗa kawai yake ba. Shi ke gaya wa jama'a abin da za su yi da fuskarsu. Daga inda Nimai yake zaune, kawunan mutane sun tare masa fuskar mai shigowa, ƙafa da ƙugu kawai yake gani, kuma da su yake aiki. Bakin zane da taku a hankali, ya sake kiɗa mai sanyi, mata su gyara mayafi su shirya hawaye. Wando da taku mai nauyi, jarumi ne ko mugu. Wando da ƙugu yana lanƙwasa, bugu uku ne, dum, dum, tak, fili ya fashe da dariya tun ba a buɗe baki ba. Wannan bugun na Amuba ne, mai barkwancin ƙungiya, wanda a kowane wasa, bayan an sha kuka, yake shigowa yana yanga da fari da ido, a yi masa dukan wasa, a kore shi. Thaja takan ji dariyar daga inda take sake zane, kuma ba ta taɓa sabawa da ita ba.

Shekaru suka ja. Daga jaruma aka mayar da ita matar yaya, daga matar yaya aka mayar da ita uwa. Wuya ya fara tara nama, hoda ta fara zama a cikin layukan fuska. Uwarta ta tsufa har ta bar kasuwa. Wata rana da hantsi Thaja ta sami Oja Mangol a barandarsa yana fama da sabon wasan da za su fita da shi bayan girbi.

"Oja, magana ce da ni."

"In hutu ne, babu. In kuma miji kika samu, a kawo mana kwa mu tauna."

"Ina so ka ba ni fitowa ɗaya a sabon wasan nan. In fito a ni."

Oja ya sauke tabarau. "A ke wa? Ke da kika fito a matan duniya kaf?"

"Shi ya sa. Na fito a matar soja, na fito a uwar ɓarawo, har aljanar tafki na fito. Saura mutum ɗaya."

"Ai irinku kullum suna fitowa. Ga Amuba nan."

"Amuba mai mata da 'ya'ya cike da gida? Abin da yake yi ba mu ba ne, Oja. Abin da ake hangowa daga tsallaken titi ne."

"To ke me kike so a gani?"

"Mutum. Ba zane, ba gashin kanti, ba hoda. Yadda nake zuwa sayen kifi. Kuma waƙar ni zan yi ta da muryata, ba na so a sa mini wani a gefe yana siranta murya ina motsa baki."

"Muryarki? Muryar da ta fi ta Amuba kauri in kin tashi daga barci?" Ya girgiza kai. "Thaja, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutanen nan abu biyu ke kawo su, su ga mace su yi kuka, ko su ga wawa su yi dariya. Babu na uku."

"Sau ɗaya, Oja. Ima, uwata, ta tsufa. Ban so ta mutu tana cewa sana'a ce."

Wannan ce ta taɓa shi. Dattijon ba mugu ba ne, ciniki ne ya ci rabin zuciyarsa. Ya tauna kwa ɗinsa, can ya ce, "Na ba ki. Amma fili ke da hukunci. In taron farko suka karɓa yadda kike so, ya zauna haka har ƙarshen kakar wasa. In suka karɓa ta wata hanya, ni ma ta wannan hanyar zan bi, kuma kada ki zo mini da kuka."

"Na yarda," in ji ta.

Fitowar da aka rubuta mata ba ta da tsawo. Gidan biki ne, babban ɗan gidan shi ke yi wa ƙanwarsa amarya kwalliya. Da dangin ango suka iso, uban ya ce masa ya shige ɗakin baya kada ya ba su kunya. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi waƙa. Baitocin Thaja ce ta shirya su da kanta:

Na gyara fuskar kowa a gidan nan,
tawa ce kaɗai aka ce in ɓoye.
Ku buɗe ƙofa, ba shigowa zan yi ba,
so nake ku san akwai mutum a tsaye.

A barandar Oja ake gwaji, a zazzaune, don wurin bai da faɗin da za a yi shiga da fita. Ranar da ta fara rera waƙar da muryarta ta gaskiya, mai kauri da ɗan tsatsa, babu wanda ya yi motsi. Amuba, wanda ba ya iya ganin kaza ta wuce bai tsokane ta ba, ya tashi ya fita wai zai tofar da kwa, ya daɗe bai dawo ba. Thaja ta ga haka, sai ta yi abin da ta daɗe da hana kanta, ta sa rai.

"Tamo, in na shigo kada ka taɓa ganga," ta ce wa Nimai. "Shiru nake so har sai waƙa."

"Na ji. Tun da muke, na taɓa ɓata miki shiga?"

"Ba ka taɓa ba."

"To ki kwantar da hankalinki, uwar 'yan tsoro."

A Kakching aka fara, garinsu, da la'asar, rana ta yi sanyi, tattakar shinkafa jibge a bayan fili. Thaja da kanta ta ɗauko uwarta ta zaunar da ita a sahun gaba na gefen mata, ta lulluɓe mata ƙafafu. Oja, bisa al'adar tsara wasa da ya saba, ya ajiye sabuwar fitowar daidai bayan wurin da aka fi kuka, wato gurbin da Amuba ya saba shigowa. Babu wanda ya lura, har ita.

Ta wanke fuska. Ta sa farar riga da baƙin wando. Ba ta taɓa jin tsiraici irin na ranar ba, kuma ba ta taɓa jin daɗi irinsa ba. Mata na ta jan majina, fili ya yi tsit, ta kama siririyar hanyar nan da tafiyarta, tafiyar da ba ta koya ba kuma ba ta iya sakewa.

Nimai kansa na ƙasa. An gama kuka, ga wando, ga ƙugu yana lanƙwasa. Bai taɓa ganin ƙafafun nan sun bi ta gabansa ba sai da bakin zane a kansu. Sabo turken wawa. Kafin tunaninsa ya iso, hannunsa ya riga ya tafi.

Dum, dum, tak.

Fili ya fashe. Mutanen da hawayensu bai bushe ba suka kece da dariya, irin wadda ake yi da ciki ɗaya bayan an sha kuka. Nimai ya ɗago ya ga fuskarta, sai jini ya bar tasa. Ya ɗaga hannu sama kamar mai son kamo ƙarar ya mayar, amma ina.

Thaja ba ta gudu ba. Ta shiga tsakiya ta fara. A wasan tsakar gida magana mai nauyi sai an juya da ita kowane gefe ya samu, don haka duk kalmar da ta fito daga ranta sai da ta kai ta gabas da yamma, kudu da arewa, kuma ko'ina dariya ta tarbe ta. Ta ɗauki kwalli za ta sa wa amarya, dariya. Wanda ya fito a uban ya daka mata tsawa ya ce ta shige ɗakin baya, aka yi tafi. Wani daga gefen maza ya ce, "A ba shi zane mana, sanyi yake ji." Da ta tsaya ta ɗauki waƙar, muryar ta fito da kaurinta, ta karye a baiti na biyu, wata mata ta faɗi kan maƙwabciyarta tana riƙe ciki. Amuba ya ga wasa zai lalace, ya yi abin da ɗan wasa ke yi in ɗan'uwansa ya shiga uku a fili, ya faɗo ciki yana rawa a bayanta don ya raba mata nauyin. Da niyyar taimako ya yi. Shi ne ya ƙarasa binne abin.

Bayan an tashi, tana zaune a kan akwatin kaya a bayan mota, uwarta ta dogaro sanda ta iso, idanunta jawur, tana share su da bakin mayafi. Thaja ta ɗago.

"Ima, kin gani?"

"Na gani, ɗan nan. Kai, Loken, ashe kana da ban dariya haka ka ɓoye mana? Har haƙarƙarina ke ciwo. Ka fi Amuba, na rantse."

"Kin ji waƙar kuwa?"

"Wa zai ji waƙa a cikin wannan ihun? Amma yadda ka karya muryar nan da gangan, ai gwaninta ce. Na ce wa ta kusa da ni, ɗana ne, sana'arsa ce."

"Haka ne, Ima," in ji Thaja. "Tashi in kai ki gida, sanyi ya sauko."

Oja Mangol bai yi mata dariya ba, bai kuma ba ta haƙuri ba. "Fili ya yanke," kawai ya ce. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai ko'ina cewa Thaja mai sa kuka ta koma sa dariya, kuma duk ƙauyen da ya aiko neman ƙungiyar sai ya haɗa da sharaɗin a zo da wannan fitowar. Aka bar bugu ukun a wurinsa. Aka ƙara wa Amuba rawa. Aka bar waƙar yadda take, baiti bai canza ba, don an gane cewa yadda take yin ta da gaske shi ne abin dariyar.

Za ka ce don me ba ta bari ba. Ta je ina? Ƙungiyar nan ce kaɗai inda ake kiranta Iche da rana tsaka, ba sai ta sa hoda ba. Nan ne ake ajiye mata wuri kusa da taga. Kuma ta ba da baki a baranda, ita ba mai cin maganarta ba ce. Sai ta ci gaba, wani lokaci sau biyu a yini, tana wanke fuska, tana sa farar riga, tana kai wa mutane abin da ya fi komai tsada a wurinta suna ƙyaƙyatawa. Uwarta ta rasu kafin damina, tana alfahari da ɗanta.

Nimai ya rame. Ya ba ta haƙuri har ta hana shi. "Na sani, Tamo, hannu ne," take cewa. Amma shi abin bai bar shi ba, don kullum sai ya sake buga abin da ya buga bisa kuskure, yanzu kuma da umarni. Ranar da za su yi wasa a Moirang, a mota, ya karkato ya yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Yau ba zan buga ba."

"Oja zai ci mutuncinka."

"Ya ci. Ya kore ni ma. Mutanen nan ba su taɓa jin abin nan a shiru ba, Thaja. Ni na hana su. In suka ji shi sau ɗaya yadda muka ji a baranda, za ki gani."

Ta kalli wani tafki da suke wucewa. Ta san bai kamata ba, amma sai da ta sake sa rai, kaɗan.

Da lokaci ya yi, Nimai ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Ta shigo. Shiru. Ta yi taku, ta ƙara, ta kai tsakiya, babu ko tari. Oja na zare wa Nimai ido daga gefe. Thaja ta ja numfashi, ta ji ƙirjinta ya buɗe.

Sai wani daga gefen maza ya taimaka wa mai gangar da yake zaton ya manta. Da baki ya yi: "Dum, dum, tak." Na kusa da shi suka ɗauka suna buga cinya. Gefen mata suka karɓa da tafi. Kafin ta buɗe baki fili duka na yi tare, suna maimaitawa, suna murna, babu mai nufin mugunta a cikinsu. Dariyar ranar ta fi ta kullum.

Bayan wasa ya same ta a bayan mota tana ninke farar rigar. Ya tsaya a gabanta.

"Gobe ka buga," ta ce.

"Thaja, wani garin wataƙila..."

"Babu wani gari, Tamo. Ka buga. In kai ka buga, ina iya ce wa kaina kuskure ne, da ba don ganga ba da sun ji. Da wannan nake iya shiga fili. Yau ka ƙwace mini shi."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, kamar yadda yake zama a bakin hanya. Ita ta gama ninki ta sa rigar a akwati.

Washegari a wani ƙauye kusa da Bishnupur, bayan an sha kuka, wando ya bi ta gabansa, ƙugu yana lanƙwasa. Wannan karon ya san ƙafafun wace ce. Ya buga.